Darasi na 9: Shafi Ɗaya, Hannu Da Yawa

A wannan darasi za mu san abin da ake kira wiki, mu ga yadda malaman makaranta da ma'aikatan laburare suke amfani da shi don mutane su yi koyo tare, sannan ajinmu ya gwada da kansa, ko da sabis ko babu. A raba karatun gida biyu. Wanda karatunsa ya yi ƙarfi ya karanta a bayyane, sauran su bi shi da yatsa.

Wa ya rubuta labarinmu?

Duk wanda ya rubuta sunan garin Sunke na ƙasar Anka a wayarsa ya nema, akasarin abin da zai fito masa da Turanci ne, kuma kusan duka kan magana ɗaya: gubar dalma ta shekarar 2010. Likitoci sun rubuta, injiniyoyi sun rubuta, 'yan jaridun ƙasashen waje sun rubuta. Sun yi aikinsu, kuma ba don zuwansu ba da asarar ta fi haka. Amma uwar da ta yi jinyar ɗanta a asibitin Anka, da mahaƙin da ya niƙa dutsen, da mai unguwar da ya tsaya aka kankare ƙasar gidaje, kaɗan ne a cikinsu za su iya karanta abin da aka rubuta a kansu.

Ba yau aka fara rubuta labarinmu da harshen wasu ba. Wani Bajamushe mai suna Kurt Krieger ya zo ƙasar Anka ya tattara tarihin Zamfara da sarakunanta, ya buga littafinsa a Berlin a 1959, da Jamusanci. Marigayi Dokta Garba Nadama, wanda daga baya ya yi gwamnan tsohuwar Jihar Sakkwato, ya rubuta kundin digirinsa na uku a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a 1977, kan tashin daular Zamfara da faɗuwarta, da Turanci. Ilimin yana nan, bai salwanta ba. Yana dai ajiye cikin harshen da yawancinmu ba ma ji, a kan kantar da sai an biya kuɗin mota mai yawa kafin a kai gare ta.

Mene ne wiki?

Wiki shafi ne a intanet wanda mai karanta shi yake da ikon gyara shi. Jarida in an buga ta an gama; ko ka ga an ɓata sunan garinku, sai dai ka yi tsaki ka ajiye. A wiki kuwa akwai wurin da aka rubuta "gyara". Ka taɓa shi, rubutun ya buɗe, ka sauya abin da ka ga ba daidai ba, ka adana. Wanda ya buɗe shafin bayanka, ko yana Gummi ko yana Maraɗi, gyaranka zai gani.

Wani masanin kwamfuta ɗan Amurka, Ward Cunningham, shi ya ƙirƙiro wiki na farko a 1995, don abokan sana'arsa su riƙa tara dabarun aiki wuri ɗaya. Ranar 15 ga Janairu 2001 Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia a kan wannan tsari. Yau tana da sassa cikin harsuna fiye da 300, har da Hausa, kuma masu rubuta ta 'yan sa kai ne, ba albashi ake biyan su ba. Wikipedia ita ce mafi girma, amma ba ita kaɗai ce wiki ba. Makaranta ɗaya, ko ma aji ɗaya, zai iya buɗe nasa.

Tambayar da kowa yake fara yi ita ce: to, in kowa zai iya gyarawa, me zai hana wani shashasha ya zo ya goge komai? Amsar tana cikin yadda aka gina shafin. Bayan rubutun da ake karantawa, kowane shafi yana da wurin da ake kira tarihi. A nan ake jera duk gyaran da aka taɓa yi, tun daga ranar farko: wa ya yi shi, a wace rana, ƙarfe nawa, me ya cire, me ya ƙara. Babu abin da yake ɓacewa. In wani ya yi ɓarna, wani zai dawo da tsohon rubutun cikin ƙiftawar ido, sunan maɓarnacin kuma ya tsaya a jeri kowa yana gani. Akwai kuma shafin tattaunawa, inda masu rubutu suke warware saɓani kafin su taɓa asalin rubutun.

Wanda ya taɓa buɗe tsohon littafin fiƙihu na gidan malamai, irin Risala ko Ishmawi da aka kwafa da hannu, ba zai ga baƙon abu a nan ba. A tsakiyar takarda ga matani da manyan baƙaƙe. A gefe da tsakanin layuka kuma ga ƙananan rubuce-rubuce sun kewaye shi, wani da baƙar tawada, wani da ja, wani da Larabci, wani da ajami. Wannan ya fassara kalma, wancan ya gyara kuskuren mai kwafa, na uku ya kawo maganar wani malami. Hannaye daban-daban ne, wataƙila masu su ba su taɓa haɗuwa ba. Bambancin shi ne, gyaran gefen littafi mai riƙe da wannan kwafin kaɗai yake amfana da shi, na wiki kuwa yana isa ga kowa a take.

Wikipedia tana da ƙa'idojin da duk mai rubutu zai bi. Babba a cikinsu ita ce madogara: duk maganar da za a iya musantawa sai ka nuna littafi, ko jarida, ko rahoton da ka samo ta, yadda wani zai iya zuwa ya duba. Ba a ɗaukar ɓangare, ba a yabo, ba a zagi; in masana sun saɓa, sai a kawo maganar kowa. Ba a kuma kwafo rubutun wani a manna. Ka karanta, ka fahimta, ka rufe littafin, ka faɗa da bakinka.

Yadda malami yake aiki da shi

Mu ɗauka ajin manya ne a Anka, mutum goma sha biyu, wayoyi masu intanet uku. Malami ya ce za a rubuta shafi ɗaya da Hausa kan gubar dalma. Ya kasa ajin uku, ya ba kowane rukuni tambayarsa da 'yan takardun da ya fassara musu. Rukunin farko, ta yaya gubar ta shiga gidaje? Na biyu, me take yi wa yaro, kuma yaya aka yi magani? Na uku, yaya aka tsabtace garuruwan? Kowane rukuni jimla biyar kawai ake nema.

Rukunin farko ba su sha wahala ba, don a gabansu aka yi. Zinare ya yi tsada, mutane suka dukufa haƙa. Dutsen da ake samowa a wasu ramuka yana ɗauke da dalma mai yawa. Ana kawo shi cikin gari a buhuna, a farfasa da guduma, a niƙa a injin niƙa, wani a daka a turmi cikin gida, a shanya a tsakar gida. Ƙurar ta sauka a ƙasan da yara suke rarrafe, yaro ya sa hannu a ƙasa ya kai baki. Rukuni na biyu suka rubuta amai, ciwon ciki, da jijjigar da aka fara ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura a watan Maris 2010 cewa yara suna mutuwa fiye da kima kuma maganin zazzaɓi ba ya yi musu komai. Rukuni na uku suka jero garuruwan da aka fara tsabtacewa: Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji da Duza a ƙasar Anka, Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Suka bayyana yadda aka kankare saman ƙasa, kaurin kamar santimita 5, aka kwashe ta zuwa ramin da aka tanada, aka zuba sabuwa.

Har zuwa nan aikin rukuni ne irin wanda aka saba. Inda wiki yake shigowa shi ne mataki na gaba: malami ya ce a yi musaya, kowane rukuni ya shiga rubutun ɗan'uwansa ya gyara. Nan ne ajin yake ɗaukar zafi.

Sai ga shi rukuni ɗaya sun rubuta cewa mutum 163 suka mutu, ɗayan kuma sun ce yara fiye da 400. Wani dattijo ya cire tabarau ya ce, "Malam, ke nan ɗaya cikinmu ya yi ƙarya."

Malam ya ce, "Baba, kafin mu kai ga ƙarya, a duba mana ranar da aka fitar da kowane rahoto."

Aka duba. Adadin 163, wanda 111 daga ciki yara ne, na watan Yuni 2010 ne, lokacin da abin ya fara fitowa fili. Na 400 daga baya aka ƙididdige shi, bayan an shiga sauran garuruwa. Ba wanda ya yi ƙarya. Kowa dai ya ɗauko lamba ya bar kwanan watanta a baya. Ajin ya sake gina jimlar da kansa: zuwa Yuni 2010 an ba da rahoton mutuwar mutum 163, daga baya kuma aka ƙiyasta yaran da suka rasu sun haura 400. Suka sa madogara a ƙarshen kowace gaɓa. Wani ya ƙara abin da binciken hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ya gano a garuruwa biyu da ta bi gida-gida a watan Mayu 2010: cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar, ɗaya ya rasu a cikin shekarar da ta gabata.

Da malami ya tsaya a gaban allo ya ce "ku riƙa lura da kwanan watan rahoto", da an gyaɗa kai an manta. Amma dattijon da ya kusa ƙaryata maƙwabcinsa a kan lamba, ba zai sake ganin adadi a takarda bai nemi ranarsa ba.

Gyara na biyu ya fi wannan nauyi. Rukuni na biyu sun rubuta cewa an ba yaran magani sun warke. Wata mata da ba ta cika magana a aji ba ta ce, "Malam, wagga magana da saura." Malam ya ce, "Inna, muna jin ki." Ta ce maganin yana fitar da gubar daga jini, amma yaron da aka mayar gidan da ba a kankare ba, gubar dawowa take yi, shi ya sa likitocin suka riƙa cewa sai an gyara ƙasa tukuna. Kuma wasu yaran, ko bayan magani, ba su koma yadda suke ba. Ba a littafi ta karanta ba. Malam bai ce a rubuta don Inna ta faɗa ba, bai kuma ce a bari don ba ta da takarda ba. Ya sa aka koma cikin rahotannin aka nema, aka kuwa samu: dalilin da ya sa yaran garin Bagega suka daɗe suna jiran magani ke nan, don ba a tsabtace garin ba sai a 2013, bayan matasa masu fafutuka da ƙungiyoyi sun matsa wa gwamnatin tarayya ta saki kuɗin aikin. Sanin Inna ne ya nuna inda ramin yake, takarda ta zo ta tabbatar. A ganina babu abin da ajin manya ya fi ajin yara da shi kamar wannan. Mutanen da suke zaune a kan benci sun riga sun san duniya. Abin da suke nema shi ne hanyar sa saninsu a rubuce yadda baƙo zai yarda da shi.

Malami ma yana da ribarsa. Kowa ya san yadda aikin rukuni yake ƙarewa: mutum ɗaya ya yi, biyar su sa suna. A wiki tarihin shafi yana tona asiri. Malami zai ga wanda ya rubuta, da wanda ya gyara harafi ɗaya, da wanda bai leƙo ba sam. Zai kuma ga yadda jimlar ɗalibi ta tashi daga karkatacciya zuwa miƙaƙƙiya, wanda takardar jarrabawa ba ta nunawa. Shi ya sa tun wajen 2010 malaman jami'o'i da dama a Amurka da Kanada suke sa ɗalibai su rubuta ko su inganta shafin Wikipedia a maimakon jingar da malami kaɗai zai karanta ya jefa a kwali. Gidauniyar Wikimedia kuma ta shirya wani horo na malaman sakandare kan yadda za a karanta Wikipedia a aji da idon bincike. An gwada shi a 2020 a Bolibiya da Maroko da Filifin, daga baya aka kawo shi Jihar Kwara.

Kada a ce shafi irin wannan da Hausa ba shi da masu buƙata. A 2015 irin wannan guba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, ta hanyar sarrafa zinare ita ma, yara 28 suka rasu. Duk inda ake niƙa dutse kusa da yara, akwai mai buƙatar karanta abin da mutanen Anka da Bukkuyum suka koya da tsada.

Aikin ma'aikacin laburare

Da yawa suna ɗauka aikin ma'aikacin laburare shi ne kaɗe ƙura da cewa a yi shiru. Ainihin sana'arsa ita ce sanin inda amsa take kwance, da bambance takardar da za a dogara da ita da wadda ba za a dogara da ita ba. Abin da wiki ya fi ƙishirwa ke nan.

Ga misali daga gida. Sheikh Abubakar Mahmud Gummi, wanda ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Hausa, ya karɓi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987, ya rasu a Landan a 1992. Waɗannan ba a saɓa a kansu ba. Shekarar haihuwarsa kuwa, wasu rubuce-rubuce sun ce 1922, wasu 1924. Ɗalibin da ya ci karo da wannan yakan zaɓi wadda ya fara gani, ko wadda ta fi yawa a intanet, alhali yawan maimaita magana ba ya mayar da ita gaskiya. Sau da yawa mutum goma ne suka kwafa daga mutum ɗaya. Ma'aikacin laburare zai ɗauko tarihin rayuwar da Malam Gummi ya bayar da bakinsa, wanda Isma'ila Tsiga ya rubuta tare da shi, ya ɗauko littattafan masu bincike, ya nuna wa ɗalibi wa ya dogara da wa. In saɓanin bai warware ba, sai a rubuta duka biyun, kowace da madogararta. Faɗin cewa an saɓa ya fi ƙirƙiro tabbacin da babu shi.

Saboda wannan gwaninta ne aka fara wani gangami a watan Janairu 2016 mai suna 1Lib1Ref, inda ake roƙon kowane ma'aikacin laburare a duniya ya ƙara madogara ko da guda ɗaya a Wikipedia. Ƙungiyar laburarorin Afirka, AfLIA, mai hedikwata a Accra ta Gana, ta ɗauki abin a 2020, ta ware mako guda na ma'aikatan laburaren nahiyar, ta kuma shirya musu kwas. A nan Arewa, ƙungiyar masu gyara Wikipedia ta Hausa tana shirya tarukan horo inda ake zama wuni guda, a zaɓi fanni, kowa ya ɗauki shafi. Irin wannan zama ya fi armashi a laburare, don littafin yana kusa da hannu.

Takardun da suka shafi ƙasarmu suna warwatse: Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da Gidan Arewa a Kaduna, Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, laburaren Kashim Ibrahim a Zariya, da na manyan makarantun Gusau. Ɗalibin ajin dare ba zai zagaya su ba. Amma in ma'aikaci ɗaya a can ya buɗe kundin Nadama ya sa shafi da lamba a ƙarƙashin jimla ɗaya game da Birnin Zamfara, ko yadda Gobirawa suka ci shi a ƙarni na 18, mai waya a Bukkuyum ya samu.

Abin da Wikipedia ba ta karɓa

Akwai wata ƙa'ida da take yi mana ciwo, gara a faɗe ta a fili. Wikipedia ba ta karɓar "kakata ta gaya mini". Sai abin da aka riga aka buga. Dalilinsu yana da ƙarfi, don in aka buɗe wannan ƙofa kowa zai shigo da ƙanzon kurege ya ce daga kakarsa ya ji. Amma sakamakon shi ne, al'ummar da aka fi yin rubutu a kanta ita take ƙara samun shafuka, wadda iliminta yake a ka kuma a bar ta a baya. Mu muna cikin kashi na biyu.

Maganin wannan shi ne aji ya buɗe wiki nasa, da ƙa'idarsa. A nan za a tara abin da ba ya cikin kowane littafi: sunayen irin dawa da gero da ake shukawa da wanda aka daina, ranakun kasuwanni da abin da kowace ta shahara da shi, dabarun su a Gulbin Zamfara da Gulbin Ka, sunayen tsofaffin unguwanni da asalinsu, waƙoƙin daka da na niƙa. Ƙa'idar ita ce kowace magana a rubuta wanda ya faɗe ta, da ranar da ya faɗa, da ko ya gani da idonsa ne ko shi ma ji ya yi, kuma daga wa. In dattawa biyu sun saɓa, a rubuta duka. Aikin nan yana da gaggawa, domin rashin tsaro ya taso mutane da yawa daga ƙauyukansu zuwa cikin Anka da sauran manyan garuruwa, kuma tsohon da ya san iyakar kowace gona da sunan kowace fadama ba zai dawwama ba.

In babu sabis fa?

Ba sai an tuna wa mutumin Zamfara cewa sabis ba abin dogaro ba ne. A watan Satumba 2021 an rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni ba kira ba intanet. Ko a lokacin lafiya, ga kuɗin data, ga kuɗin caji.

Don karatu, akwai manhaja mai suna Kiwix, wadda aka fara a 2007. Ana sauke Wikipedia ta Hausa gaba ɗayanta a waya ko a memori lokacin da aka sami sabis, daga nan a yi ta karantawa ba tare da data ba. Mutum ɗaya ya sauke a Gusau, sauran su karɓa daga wayarsa.

Don rubutu kuwa, ajinmu zai yi wiki na takarda, kuma kada kowa ya raina shi, domin duk abin da ake koyo a na intanet ana koyonsa a nan. A sami littafin rajista mai kauri. Kowane batu a ba shi shafi biyu masu kallon juna. A shafin dama ake rubutun, ana tsallake layi ɗaya bayan kowane layi don mai gyara ya sami wuri. Shafin hagu a ja masa layi uku a tsaye, ya zama gida huɗu: kwanan wata, sunan mai gyara, abin da ya sauya, da inda ya samo. Ba a gogewa, ba a yage takarda. Wanda ya ga kuskure ya ja layi ɗaya siriri a kan kalmar yadda za a iya karanta ta, ya rubuta tasa a sama da biro mai wani launi, sannan ya cika gidajen hagu. Wanda bai yarda da gyaran ba, kada ya soke shi. Ya je shafukan ƙarshen littafin, waɗanda aka ware don muhawara, ya rubuta dalilinsa, a tattauna a zama na gaba. In shafi ya cika da gyare-gyare, mai kyan rubutu ya kwafe shi a sabon shafi, tsohon kuma a bar shi inda yake. Littafin yana kwana wurin mutum ɗaya da aji ya zaɓa. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya faɗa a rubuta masa, amma sunansa za a sa a gidan mai gyara, ba na marubucin ba.

Shafin da ya nuna, wanda kowace jimlarsa take da madogarar da aka buga, shi ne za a ɗora a Wikipedia ranar da aka sami sabis.

Hattara

Abin da aka sa a intanet ya fita daga hannunka, kuma ba masoyi kaɗai yake karatu ba. A halin da ƙasarmu take ciki, kada a rubuta wanda yake da shanu ko dukiya, ko inda ramin haƙa yake, ko hanyar da 'yan kasuwa suke bi da lokacin da suke bin ta. Kada a sa sunan yaron da ya yi ciwo ko hotonsa. Dattijon da ya ba da labari a tambaye shi ko ya yarda a ambaci sunansa. In ya ƙi, a ce "wani dattijo a unguwa kaza" a wadatu. Shafin da ya yi maganar cuta kuma ba ya maye gurbin asibiti.

Sai maganar ita kanta Hausar. Wanda ya buɗe Wikipedia ta Hausa zai tarar da shafuka masu kyau, zai kuma tarar da waɗanda aka zuba wa na'ura Turanci ta amayo su da kalmomin Hausa, jimlar da in ka faɗe ta a kasuwar Gummi sai a tambaye ka ko lafiya. Wannan bai zama dalilin guje mata ba. Shi ne ma wurin da ɗalibin ajin manya zai fara, domin ko bai san Turanci ba, kunnensa ya san Hausar da ta zauna. Gyara jimla ɗaya ta koma yadda mutane suke magana aiki ne cikakke. Haka mayar da ƙugiya inda aka yar da ita, a kan ɓ da ɗ da ƙ. A saitin allon rubutu na yawancin wayoyi ana iya ƙara Hausa, haruffan su fito.

Tambayoyi

1. Me ake gani a tarihin shafi, kuma ta yaya yake hana ɓarna?
2. A misalin ajin Anka, me ya sa lambobi biyu suka saɓa alhali ba wanda ya yi ƙarya?
3. Kawo abu biyu da za su shiga wikin aji amma Wikipedia ba za ta karɓa ba, ka faɗi dalili.

Aikin mako

Aji ya zaɓi kasuwa ɗaya da kowa ya sani. A buɗe mata shafi biyu a littafin rajista kamar yadda aka bayyana. Mutum uku su rubuta jimla bibbiyu: ranar da take ci, abin da aka fi kawowa, da abin da ya sauya a cikinta tun tasowarsu. Littafin ya zaga hannun kowa kafin zama na gaba, kowa ya yi gyara ko ƙari aƙalla ɗaya, ya cika gidaje huɗun nan na hagu. Wanda ya duba bai ga abin gyarawa ba, ya je ya tambayi wanda ya girme shi a gida, ya dawo da abin da ya ji da sunan wanda ya faɗa masa, in ya yarda a rubuta.